Tsohuwar shari'ar faɗa da takardar 'yan sanda: amsa ga wani matashi daga Aboabo

Wasiƙar da zan amsa a wannan makon ta fito ne daga wani matashi mazaunin Aboabo a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum, Baba. Shekaruna 31, ina da mata da 'ya'ya biyu. A shekarar 2013, ina ɗan shekara 19, faɗa ya kaure bayan wasan ƙwallo tsakanin unguwarmu da wata unguwa, na naushi wani yaro har leɓensa ya fashe. 'Yan sanda suka kama mu, muka kwana biyu a tsare, sannan aka kai mu kotu. Abin da nake iya tunawa shi ne an tambaye ni ko na aikata, na ce na aikata, alƙali ya yi mana faɗa, kawuna ya biya sidi 600, na sa hannu a wata takarda, muka dawo gida. Tun daga ranar ban sake taka ofishin 'yan sanda ba. Na yi shekara 4 ina aiki a shagon kayan gyaran mota a Suame, na koma makaranta na karanci harkar saye da ajiyar kaya, na yi hidimar ƙasa. Yanzu wani kamfanin rarraba kaya ya ce zai ɗauke ni mai kula da sito, amma sun ba ni fom da ke tambayar ko kotu ta taɓa samuna da laifi, kuma suna son takardar shaidar 'yan sanda cikin mako 3. Yayana da ke Amurka ya ce bayan shekara 7 komai yana gogewa. Abokina ya ce in rubuta a'a kawai, kuma ya san wanda zai fito mini da takarda mai tsabta idan na ba da wani abu. Ba na iya barci. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya kuma yi wa iyalinka albarka.

Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk da rashin barcin da kake yi, har yanzu ba ka san takamaiman abin da ya faru da kai a kotun nan ba. Ka tuna kwana biyun da ka yi a tsare, ka tuna faɗan alƙali, ka tuna kuɗin kawunka, amma ba ka faɗa mini sunan da kotu ta ba wa kuɗin ba, ba ka kuma faɗa mini abin da ke rubuce a takardar da ka sa wa hannu ba. Wannan ba laifinka ba ne, domin yaro ɗan shekara 19 da aka tsayar gaban alƙali ana magana da Turancin shari'a, babu abin da yake jira sai a ce ya tafi gida. Da yawa daga cikin mutanenmu na Zango haka suke: mutum zai ce maka an taɓa kai shi kotu, idan ka tambaye shi yadda aka ƙare sai ya ce an kashe maganar. To amma a wurin doka, kashe magana iri-iri ne, kuma amsar da za ka rubuta a fom ɗin nan ta dogara ne kacokan a kan irin wanda ya same ka.

Bari in warware maka. Duka irin wanda ka bayyana, idan bai kai ga mummunan rauni ba, Dokar Laifuffuka ta 1960, wato Doka ta 29, ta sa shi a sashe na 84 cikin jerin ƙananan laifuffuka, ba cikin manya ba. Ga irin wannan laifi, Dokar Kotuna ta 1993 a sashe na 73 ta ba alƙali damar ƙarfafa sulhu tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma idan aka sasanta, ko da an biya diyya ne, kotu takan rufe shari'ar ta sallami wanda ake tuhuma. Idan haka aka yi da kai, to sidi 600 ɗin nan kuɗin magani ne da ban haƙuri da ya shiga hannun iyayen yaron, kuma kai ba wanda kotu ta yanke wa hukunci ba ne. Amma akwai ɗaya fuskar, kuma ba zan ɓoye maka ba, ita ce ta fi kama da labarinka. A ƙasar nan ana lissafa tara da wani ma'auni wanda kowane ɗaya a lokacin yake daidai da sidi 12, saboda haka tarar ma'auni 50 ita ce sidi 600 cif. Idan ka haɗa wannan da amsa laifin da ka yi da bakinka, da takardar da ka sa wa hannu, wadda mai yiwuwa alkawarin zaman lafiya ce na wasu watanni, to alamu sun fi nuna cewa an same ka da laifi, an ci ka tara. Duk da haka alama ba tabbas ba ce, kuma ba a cike fom da zato.

Don haka aikinka na farko ba ya wurin kamfani, ba ya kuma wurin 'yan sanda. Ka je wurin kawunka ka tambaye shi wa ya miƙa wa kuɗin: akawun kotu ne ya karɓa ya ba shi rasit, ko kuwa mahaifin yaron ne ya karɓa a gaban dattawa? Tsofaffinmu ba su cika jefar da takarda mai hatimi ba, ba mamaki rasit ɗin yana nan cikin wata jaka tare da takardun fili. Daga nan ka tafi ofishin rajistaran kotun da aka yi shari'ar, da cikakken sunanka kamar yadda aka rubuta shi a lokacin, da watan da abin ya faru, da sunan ofishin 'yan sandan da ya gurfanar da ku, ka nemi kwafin bayanan shari'ar wanda rajistara ya tabbatar da hatiminsa. Za a caje ka kuɗin nema da na kwafi, ka biya a inda aka tanada ka karɓi rasit. Fayil ɗin shekara 12 ba ya fitowa a yini ɗaya, sai ka yi ta komawa cikin ladabi da haƙuri. Idan ka samu takardar kuma Turancinta ya shige maka duhu, akwai ofishin Hukumar Agajin Shari'a a nan Kumasi, wadda aikinta ke nan ta taimaka wa wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya. Ka kai musu su karanta maka, ka yi musu tambaya guda: shin wannan hukunci ne, ko sallama?

Maganar yayanka kuwa, ba ƙarya ya shirga maka ba, sai dai ya ɗauko dokar wata ƙasa, ita ma rabinta ya ɗauko. A Amurka akwai dokar tarayya ta 1970 da ta shafi kamfanonin da ke tattara bayanan mutane suna sayar wa masu ɗaukar ma'aikata, kuma ita ce ta hana su, a mafi yawan ayyuka, ambaton kamun da ya wuce shekara 7 idan bai kai ga hukunci ba. Hukuncin kotu kuwa, ko a can dokar tarayyar ba ta sa masa wannan iyaka ba, sai dai wasu jihohi da suka yi nasu tsarin. Ingila ce ke da doka tun 1974 wadda ke ɗaukar ƙananan hukunce-hukunce a matsayin waɗanda suka shuɗe bayan wani lokaci, har mutum ya samu damar yin shiru a kansu wajen neman mafi yawan ayyuka. Waɗannan dokoki suna aiki ne a inda aka yi su. Kamfanin da ke Kumasi da 'yan sandan Ghana ba su da ruwa da su, kuma kada ka dogara da cewa tsawon shekaru kaɗai ya share sunanka daga littafin kotu.

Ƙofar gogewa da dokarmu ta buɗe a fili ta yara ce. Dokar Shari'ar Yara ta 2003, Doka ta 653, ta ba wanda aka hukunta yana ƙasa da shekara 18 damar komawa kotun yara bayan wasu shekaru ya nemi a share hukuncin, muddin laifin bai kai irin su kisa, fyaɗe ko fashi ba. Kai ka ce shekarunka 19 a lokacin, don haka a zahiri ka haura layin da shekara guda, amma ka duba takardar haihuwarka da ranar da abin ya faru, ka kuma ambata wa lauya, domin ita dokar ta ware 'yan shekara 18 zuwa 21 a wani rukuni na daban wajen hukunci. Ba ina nufin ka je ka yi rantsuwar rage shekaru ba, kada wani ya kitsa maka haka. Ranar haihuwarka da zanen yatsunka suna ɗaure da katin Ghana da ke aljihunka, kuma ko mutum ya sauya suna a jaridar gwamnati, yatsunsa ba su sauya ba. Akwai kuma afuwar shugaban ƙasa da sashe na 72 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya tanada, wadda yake yi bayan ya tuntuɓi majalisar ba shi shawara da ake kira Council of State. Hanya ce ta gaskiya, amma doguwa ce, kuma ba ta mai wa'adin mako 3 ba ce.

Sai takardar 'yan sanda. Sashen binciken laifuffuka na CID ne ke bayar da ita, kuma taskar zanen yatsun waɗanda aka hukunta tana hedikwatarsu a Ankara, babban birninmu. Ana cike fom, a biya kuɗin gwamnati, a kawo hoto da katin shaida, a ɗauki zanen yatsu, sannan a gwada shi da abin da ke cikin taskar. Ka nema da ƙafarka, da sunanka na gaskiya, tun yanzu, ka karanta abin da ta ce kafin kowa ya gani. Yana yiwuwa ta fito da maganar 2013 a jiki, yana kuma yiwuwa ta fito babu komai, ko dai saboda sallama aka yi maka, ko saboda bayanin ƙaramar shari'a ta wancan lokacin bai isa taskar ba. Idan ta fito fes, ka gode wa Allah ka miƙa ta yadda take, domin takarda ce ta halal da ka samu ta hanyar halal. Sai dai ka gane cewa takardar da tambayar fom abu biyu ne daban. Takardar tana faɗin abin da 'yan sanda suka gani a taskarsu, fom ɗin kuwa yana tambayar abin da kai ka sani, kuma sa hannunka ne a ƙasansa.

Mutumin da abokinka ya sani, ka nisance shi nisan gabas da yamma. Irinsu ne 'yan tsakiyar da ke shawagi a ƙofar ofisoshin gwamnati, waɗanda duk ƙasar nan ta raɗa wa suna "goro boys" da kalmarmu ta goro, abin da ni dai ba na jin daɗinsa, domin goro abin girmamawa ne a wurinmu. Abin da zai kawo maka ɗayan biyu ne. Ko dai takardar jabu ce da aka buga a wani shago, wadda kamfani zai iya ganowa da tambaya guda a ofishin da aka ce ya bayar da ita, ko kuwa ta gaske ce da aka samu ta hanyar toshe bakin ma'aikaci. Ƙirƙirar takardar hukuma babban laifi ne a Doka ta 29, kuma wanda ya miƙa ta yana sane ya shiga cikin laifin tare da wanda ya buga ta. Cin hanci kuwa, tun 2020 majalisa ta ɗaga shi zuwa babban laifi mai ɗaurin shekara 12 zuwa 25, kuma mai bayarwa bai tsira ba. Ka auna da kanka: naushi guda da aka ci ka tarar sidi 600 a kai, da laifin da zai iya raba ka da 'ya'yanka har su girma. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ban da wannan ma, wanda ya yi maka irin wannan aiki ya riƙe sirrinka a hannunsa, kuma ranar da ya ji ka fara karɓar albashi zai tuna da lambar wayarka.

Yanzu mu dawo kan fom ɗin, domin a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Ka fara da karanta tambayar kalma bayan kalma. Wasu kamfanoni suna tambaya ne ko an taɓa hukunta ka a kan laifin zamba, sata ko rashin amana. Wasu suna iyakance tambayar ga shekara 5 ko 10 da suka wuce, wasu kuma ga manyan laifuffuka kawai. Idan tambayarka irin waɗannan ce, to "a'a" ita ce amsar gaskiya, kuma ba dole ba ne ka ƙara da labarin da ba a tambaye ka ba. Haka nan idan takardar kotu ta nuna sallama ce aka yi maka, domin kamu ba hukunci ba ne, tuhuma ma ba hukunci ba ce, kuma Kundin Tsarin Mulki ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar ko ya amsa aka hukunta shi. Amma idan tambayar a buɗe take, kamar yadda ka rubuto, wato ko kotu ta taɓa samunka da laifi, kuma takarda ta tabbatar an same ka, to amsarka "e" ce, kuma ba ni da wata dabarar da zan ba ka wadda za ta mai da ita "a'a".

Dalilina ba tsoron kamu kaɗai ba ne. Ka dubi aikin da kake nema. Mai kula da sito shi ne wanda ake damƙa wa mabuɗi, shi ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma kamfani yana gina lissafinsa ne a kan alƙalaminsa. Abin da mai kamfani ke tsoro a wannan kujera shi ne mutumin da zai rubuta katan 90 alhali 100 suka shigo, ba mutumin da ya taɓa fushi a filin ƙwallo yana saurayi ba. Laifinka na 2013 na zafin zuciya ne, bai taɓa amanarka ba, kuma kana da shekara 4 a shagon Suame da za su shaide ka a kan dukiyar mutane. Ranar da ka rubuta "a'a" ka sa hannu, da kanka ka fitar da kanka daga sahun masu tsohon kuskure ka shiga sahun masu rubuta abin da ba haka ba a takardar kamfani, wato ainihin mutumin da fom ɗin yake neman tacewa. Kuma laifin ba zai zama na shekara 12 da suka wuce ba, zai zama na ranar farko da suka san ka.

Na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wata ma'aikata da ba zan ambata ba, kuma na ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Wani direba ya ɓoye tsohuwar shari'a wadda da ya faɗe ta tun farko babu wanda zai ɗaga kai, ya yi shekara biyu yana aiki lafiya, sai saɓani ya shiga tsakaninsa da wani ɗan unguwarsu da ke aiki a wurin, shi kuwa ya kai magana sama. Ba a kore shi don shari'ar ba, an kore shi don fom ɗin. Ka san Zango, ɗana. Waɗanda suka kalli faɗan nan suna nan da ransu, waɗanda aka kama ku tare suna nan, kuma binciken da ya fi na CID sauri a garin nan shi ne bakin mutane. Dokar Ƙwadago ta 2003, Doka ta 651, tana kare ma'aikaci daga korar zalunci, kuma yana iya kai kuka Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, amma wanda ya samu aiki da bayanin ƙarya ya je can ne da ƙafa ɗaya, domin kamfani zai ajiye fom ɗin a kan tebur kawai. Wanda ya bayyana tun farko aka ɗauke shi a kan sani, shi ne ke da bakin magana idan daga baya aka nemi a fake da tsohon zancen a sallame shi.

Na san za a ce maka addini ya hore mu da rufa wa kanmu asiri, kuma wanda ya tuba kamar wanda bai yi laifi ba ne. Haka ne, shi ya sa ban ce ka tsaya a ƙofar masallaci ka ba da labari ba, ban kuma ce ka gaya wa abokan aiki ba. Rufin asiri shi ne kada ka tallata abin da Allah ya lulluɓe. Bai haɗa da sa hannu a kan ƙarya ga mutumin da ya tambaye ka kai tsaye, wanda kuma zai damƙa maka dukiyarsa bisa amsar da ka ba shi ba.

Yadda za ka faɗa shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna, ko dai su yi ta kuka da rantse-rantse, ko su shiga wanke kansu suna ɗora wa wanda suka daka laifi. Kada ka bar "e" ɗin nan ta tafi ita kaɗai cikin tarin takardu, inda wani akawu zai gan ta ya ture fayil ɗinka gefe ba tare da ya san ko naushi ne ko fashi ba. Ka nemi ganin shugaban sashen kula da ma'aikata na minti goma, ka tafi da gajeren bayani a rubuce, wanda bai wuce rabin shafi ba, mai ma'ana kamar haka: "A shekarar 2013, ina ɗan shekara 19, na shiga faɗa bayan wasan ƙwallo, kotu ta same ni da laifin duka, ta ci ni tarar sidi 600, kuma an biya. Na amsa laifina a lokacin, ina kuma nadamarsa. Ba a ɗaure ni ba, laifin bai shafi kuɗi ko dukiyar kowa ba, kuma tun daga lokacin ban sake samun matsala da hukuma ba. Ga kwafin bayanan kotu, ga kuma sunayen waɗanda na yi aiki a ƙarƙashinsu." Ka faɗi wannan da bakinka kana kallon mutumin, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi tambaya. Ka yi kwafi biyu, ka roƙi a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata, ka adana shi a gida.

Cikin takardun da za ka haɗa, wadda ta fi nauyi ita ce ta maigidanka na Suame, idan zai rubuta cewa ka riƙe masa kaya da kuɗi shekara 4 bai taɓa neman ko ƙusa ya rasa ba, ya kuma sa lambar wayarsa. Sai ta wurin da ka yi hidimar ƙasa. Wasiƙar limami ko ta mai unguwa tana da kyau, amma kamfani ya san cewa malamai ba su cika hana kowa irin wannan wasiƙa ba, don haka ta zama ƙari, kada ta zama ginshiƙi. Kamfanoni da yawa suna neman masu tsaya wa ma'aikacin sito, to ka zaɓi mutum biyu masu aikin yi da mutunci, ka gaya musu gaskiyar maganar kafin su sa hannu, kada su ji ta a bakin wani. Idan ka ga mutumin yana jinjina al'amarin, kana iya cewa ka yarda a tsawaita maka lokacin gwaji. Kuma ga wani abu da zai ƙarfafa maka zuciya, ko da ba ka furta shi a ofishin ba: Kundin Tsarin Mulkinmu a sashe na 94 ya hana wanda aka hukunta a kan zamba ko rashin amana zama ɗan majalisa, amma shi kansa ya ɗage hanin idan shekara 10 ta wuce bayan kammala hukuncin. Idan ƙasa ta yarda mutum ya koma yin doka bayan shekara 10 a kan laifin da ya fi naka muni, ba ka da dalilin shiga ofishin nan kana sunkuyar da kai a kan naushin da ya shekara 12.

Ba zan yi maka alkawarin za su ɗauke ka ba. Akwai kamfanonin da ƙa'idarsu a bushe take, da sun ga hukunci sun rufe fayil, kuma akwai ƙofofin da tsohon hukunci yake toshewa, musamman aikin soja, ɗan sanda, shige da fice da gidan yari, inda sharaɗin ɗauka ya haɗa da rashin tarihin laifi. Dokar bankuna ta 2016 ma ta hana manyan muƙamai ga wanda aka hukunta a kan zamba ko rashin amana, ko da yake wannan bai shafi irin naka ba. Amma sito da saye da rarraba kaya fage ne mai faɗi a Kumasi, daga Adum zuwa Asokwa har Kaase, kuma waɗanda suka zaɓe ka cikin masu nema sun riga sun ga abin da suke so a tare da kai kafin su miƙo maka fom. Idan suka ƙi, takardun da ka tara suna nan don kamfani na gaba, sai dai ita takardar 'yan sanda da akan so sabuwa wadda ba ta wuce wata 6 ba. Ka kuma sani cewa abin da ka gaya musu amana ce a hannunsu ko sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba. Dokar Kare Bayanai ta 2012, Doka ta 843, ta sa tarihin laifin mutum cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan wani ya ɗauki zancenka ya baza a gari, akwai hukumar da aka kafa don karɓar irin wannan ƙorafi.

Wa'adin mako 3 ya isa idan ba ka ɓata kwanakin farko wajen juyayi ba. Ka shigar da neman takardar 'yan sanda da neman kwafin kotu a mako guda, kada ka jira ɗaya ta fito kafin ka nemi ɗaya. Idan lokaci ya matso kuma fayil ɗin kotu bai fito ba, ka kai wa kamfanin rasit ɗin nema ka roƙi ƙarin mako guda, abu ne da suka saba gani. Ba ka ce mini ko mai ɗakinka ta san da wannan magana ba. Idan ba ta sani ba, ka zaunar da ita ka gaya mata a daren yau, domin tana ganin ba ka barci, kuma abin da take saƙawa a ranta mai yiwuwa ya fi gaskiyar muni. Gobe da safe kuma ka tafi gidan kawunka da ɗan goronka, ka gaishe shi, ka tambaye shi inda ya ajiye rasit ɗin.